Malam da Matar da Ya Fitar daga Turu

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar maigidana. Mutanen Kura sun san shi da Malam Garba na walwala, ni kuwa har yau Malam kawai nake iya ce masa.

A shekarun 1980 yana aiki a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. An ɗora masa kula da masu taɓin hankali da waɗanda fahimtarsu ke da rauni tun haihuwa. Babur ɗaya gare shi, da shi yake bin gefen kanal na noman rani ƙauye ƙauye yana tambayar masu unguwa ko akwai wanda aka kulle a ɗaka.

Wata safiya cikin rani, ana tsakar cirar tumatir, ya ce in sa mayafi in raka shi wata ruga wajen Bunkure. Akwai wata mata, Hanne, wadda hankalinta ya gushe bayan haihuwa. Gidan matan aure ne, shi ba zai shiga ba, ni zan shiga. Tsoro ya kama ni, amma na bi shi a motar ofis.

Na tarar da ita a bukka, ƙafarta cikin turu, wata bakwai ke nan. Idon sawun ya zama gyambo. Ba ta yi mini ihu ba. Ruwa ta roƙa.

A waje, mijinta Jauro ya ƙi yarda a sake ta. Ya ce, "Malam, sau biyu ana tsamo ta daga kanal. In na kwance ta ta mutu, me zan ce wa Allah?"

Malam bai zarge shi ba. Ya ce, "Tsoronka gaskiya ne, Jauro. Ba mu aronta. Za mu kai ta wurin likita a Kano, in an sallame ta ta zauna da iyalina har ka gamsu."

Bai shawarce ni ba kafin ya yi wannan alkawari, na kuwa yi kwana biyu ina fushi. Wata uku Hanne ta yi a gidanmu. Ni ke ba ta magani, ni ke wanke mata ciwon. Ranar da aka kawo mata 'yarta ta karɓa ta goya da kanta, na shiga madafa na yi kuka. Ta koma ruga, Malam yana kai mata magani duk wata har ya bar aiki.

Yanzu injinan casar shinkafa sun cika gari, 'yan adaidaita sahu kuma suna kai mutum asibiti cikin sa'a guda. Na san da Malam yana raye, da ya yi murna da wannan. Amma na san zai tambaya ko har yanzu akwai mai zagayawa yana neman waɗanda aka ɓoye. Ni kaina kuwa na san gidajen da ake ɓoyon.

Bai bar gona mai yawa ba, ba a kuma sa wa ko lungu sunansa ba. Hanne dai ta rayu ta aurar da 'ya'ya huɗu. A Islamiyyar da nake koyarwa a gidanmu kuwa, iyaye kan kawo 'ya'yan da ba sa saurin ɗaukar karatu, su ce a gidan nan ba a korar irinsu. Ba ni na fara wannan ba, gada na yi.

Allah Ya kai rahama kabarinka, Malam.