Giyar da na koya a teburin laoban

Salamu alaikum 'yan uwa. Na san na ɓace muku. Masu cewa na yi kuɗi na manta da mutane, wallahi a gadon asibiti na kwanta a Tianhe, nan ƙasar Sin.

Giya ce ta kwantar da ni. Eh, ni Nasiru ɗan Fagge.

A garin Shiling na koya, wajen sarin jakunkuna. Laoban, wato mai masana'anta, ba ya rage farashi sai kun ci abinci ya ɗaga kofi. Na ce kurɓi ɗaya ne don ciniki. Kafin in farga ina saye da kaina, ina ɓoyewa a gorar ruwa.

Hannu ya fara rawa, barci ya ƙaurace. Ido ya yi ɗorawa, na ce shawara ce, na yi ta shan jiƙo.

Da na je asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ta ce ta bakin tafinta: "Hantarka ta gaji. In ka ci gaba, ba za ka koma gida da ƙafarka ba." Jarina ya tafi a allurai da ƙarin ruwa. Na tsorata ƙwarai.

Da aka sallame ni, aka tura ni zaman masu daina sha. Da Sinanci ake yi, ina zaune kamar gunki.

Hernando, ɗan Kolombiya da muke loda kwantena tare, ya ja ni zaman nasu. Da harshensu suke yi, ga shinkafa da wake, matansu na zuwa, ana kuka ana dariya. Ban ji ko kalma ba, amma na yi musu sha'awa. Ya ce: "Amigo, wannan namu ne. Naka na wurin mutanenka."

Mutanena? Su nake ɓoye wa fa!

Na yi ta zagaye kasuwar Canaan, in kai ƙofar shagon Alhaji Isufu Maraɗi, limaminmu, in juyo. Ranar da na shiga, na faɗa masa kaina a sunkuye, ina jiran wa'azi.

Sai ya ce: "Ɗana, ba ka ƙara zuwa Shiling kai kaɗai. In an ɗaga kofi, ni zan ba su amsa."

Alhamdu lillahi. Likita, Hernando, Alhaji, Allah Ya saka da alheri.

Kai da ke ciki, kada ka yanke sha kai kaɗai a ɗaki, yana iya kisa. Je asibiti, sannan ka gaya wa mutum ɗaya mai jin harshenka.

Ban ce na gama warkewa ba. Jiya ma ƙafata ta tsaya a bakin wani kantin giya, yawu ya cika min baki. Na kira Alhaji. Bai tambaye ni komai ba.

Ya ce: "Taho, shayi na kan wuta."