Ɗumin Hannun Malam Idi

Jama'a, wallahi wannan a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Shekarun baya ne, ina acaba tsakanin Basirka da Gwaram, da kaka ana yankan riɗi. Maƙwabcina Malam Idi lauje ya sare shi a ƙauri, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, har ciwon ya ruɓe, zazzaɓi ya kayar da shi.

Da hantsi wansa Sale ya kira ni mu kai shi asibiti Birnin Kudu. Na tarar yana haki yana sambatu, wai tun jiya ko fitsari bai yi ba. Sai na yi abin da na ga manya suna yi, na taɓa tafin ƙafarsa. Ɗumi sosai. Mu kuwa mun taso ana cewa mai tafiya lahira daga ƙafa yake fara sanyi, don haka na ce wa Sale da sauransa, bari in kai wasu buhuna kasuwa in dawo. Allah ya yafe mini, sai bayan azahar muka tashi.

Muka sa shi a tsakiya, Sale na tallafe da shi ta baya, hannuwan Malam Idi zagaye da cikina, ɗuminsu yana ratsa rigata. Wajen Sundimina kansa ya kwanta a kafaɗata. Muna hango duwatsun Birnin Kudu sai na ji muryarsa a kunnena, tas, ba sambatu.

"Maƙwabci, rage gudu, ba sauri. Ka ce wa Sale ya kaɗe riɗin nan, ya fara fashewa."

Har dariya na yi, na ce ai ga shi nan a bayanka.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta taɓa wuyansa, ta ce, "Malam, wannan ai ya jima da cikawa." Muƙamuƙinsa har ya fara sandarewa. Da ƙyar aka ɓamɓare yatsunsa daga rigata, kuma da ɗuminsu.

Likita ya ce mana in ƙwayar cuta ta shiga jini, jiki kan zubo wani sinadari fiye da kima, nitirik oksaid ne ko me, ya saki jijiyoyi su buɗe, jini ya faɗi. Fata ta yi ɗumi, alhali ƙoda da ƙwaƙwalwa ba sa samun jini. Na tambaye shi maganar da na ji, sai ya wuce wajen wani majinyaci. Sale kuma ya rantse bai ji komai ba.

Bayan jana'iza muka leƙa gonar. Riɗi ya fashe, tururuwa na jido.

Na daɗe da barin acaba, amma har yau in kaka ta yi nakan ji ɗumi a cikina, daidai tafin hannu biyu. Don Allah, in rauni ya zo da zazzaɓi da haki da sambatu, kada ku tsaya taɓa ƙafa. Ku ɗauke shi a lokacin.