Agogon da Baba Ya Kawo Daga Madatsar Goronyo

Wata ranar Alhamis ce, a shekarar da aka tare ruwan Rima a Goronyo, ina 'yar shekara tara. Ni da yayata Hajo muna casar shinkafa a tsakar gida, sai ga Baba ya shigo rungume da kwali. Baba kafinta ne, ya daɗe yana yi wa Turawan Italiya masu gina madatsa ƙofofi da tebura. Da za su koma ƙasarsu, matar wani injiniya ta ba shi agogon bango don tunawa.

Yana buɗe kwalin, Hajo ta saki taɓarya. Mu agogon da muka sani zagaye yake, mai lambobi, irin na ofishin hedimasta. Wannan kuwa kusurwa uku gare shi, rabi ruwan ɗorawa, rabi ɗige-ɗige kamar zabuwa, babu lamba ko ɗaya. Hannu guda a miƙe, ɗayan a lanƙwashe kamar maciji, ga wata jar ƙwallo tana lilo a ƙasa. Inna, kakarmu, ta ja da baya tana salati. "Umaru, mi kak kwaso muna? Wanga ba agogo na ba."

Baba ya yi dariya ya rataye shi a zaure. Mako guda muka manta da gaɗa; in an aike mu korar tsuntsaye a fadama sai mu sulale mu dawo kallo. Masu zuwa cin kasuwa daga Rimawa har layi suke yi a ƙofar gida. Baba, wanda magana ba ta dame shi ba, sai ga shi tsaye yana koya wa mutane karanta lokaci, fuskarsa cike da annuri.

Daga nan zance ya juya. Aka fara cewa ɗan gidan malamai ya rataye gunkin Turawa. Baffa Sani, wan Baba, ya daina cin tuwo a zaurenmu, wasu suka daina amsa wa Baba sallama. Sai kakanmu Malam, mahaifinsu, ya aiko daga Wurno cewa yana tafe, a ajiye masa abin.

Baba bai jira ba. Da hantsi, ranar da Malam zai iso, ya sauko da agogon, ya ɗora shi kan dutsen niƙa, ya ɗauko guduma. Sau uku ya buga. Muna tsaye baki buɗe, jar ƙwallon ta gangara har gindin randa.

Malam ya iso kafin azahar, ya sha ruwa, ya dubi bango. "Ina abin? An ce mini akwai agogon da ba shi da lamba amma yana hwaɗin lokaci. Na zo in gwada shi da inuwa." Inna ce ta nuna masa tarkacen. Ya daɗe yana jujjuya su da sandarsa, sannan ya ce, "Umaru, ka yanke hukunci tun ba a kai ƙara ba." Ran nan na fara ganin hawayen Baba, har na ɓuya bayan rumbu don kada ya san na gani.

Yanzu agogo masu walƙiya da kiɗa sun cika shagunan Goronyo, ba mai ko waiwayarsu. Baba ya rasu bai sake rataye komai a zaurensa ba. Da ma ya jira azahar.