Ƙofar da Na Toshe

Laifina ne. Ni na toshe ƙaramar ƙofar.

Mu tara ne, duk Umra ta kawo mu muka zauna, ba mai iƙama, wato takardar izinin zama. Muna kwana a wani tsohon gidan tsaro a bakin teku, kudu da Jidda. Da dutsen teku mutanen dauri suka gina shi, kaurin bangon ya kai kamu uku. Tagoginsa 'yan tsagu ne, da faɗi daga ciki, a tsuke daga waje, daidai bakin bindiga. Duk ruwa suke kallo, inda jiragen mahara ke ɓullowa. Babbar ƙofa ɗaya ce, zaurenta a lanƙwashe, mutum biyu ba sa wucewa tare.

Ta baya akwai wata 'yar ƙofa, sai an sunkuya. Karnuka na shigowa ta nan. Na samo bulo da siminti na rufe ta. Baba Ilu, tsohon magini, ya ce, "Sani, masu ginin nan ba wawaye ba ne. Don ranar da ƙofar gaba ta gagara suka bar ta."

Na ce, "Haba, Baba, yaƙi ya ƙare tun zamanin Turkawa." Har da dariya.

Wata Juma'a, ƙarfe bakwai na safe, Hajiya Rabi matar Baba tana dafa mana shayi. Mota biyu suka tsaya. Masu fasa-ƙwauri ne. Ashe a ɗakin ƙasa suke ɓoye kaya, sun zaci mun tona musu asiri. Harbi biyu. Sai warin fetur. Zaure ya kama da wuta.

Baba ya yi ihu, "Baya! Ku yi baya!"

Muka ruga, muka tarar da bangona.

Aiki na yi masa mai kyau. Da guduma ɗaya muka yi ta duka, hayaƙi na saukowa. Tagogin ko kai ba ya shiga. Bakwai da rabi rami ya buɗe. Muka fita da rarrafe, Baba na jan Hajiya. Ta riga ta daina tari.

Muka bi gaɓar teku ba takalmi har azahar, mu bakwai. Baba ya tsaya da ita. Ko jana'izarta ban je ba, tsoron kamu ya hana ni.

Shekara huɗu ina kauce masa. Rannan na same shi a unguwar Aziziyya, bakin masallaci bayan La'asar. Na durƙusa.

Na ce, "Baba, ka faɗa mini, na yi maka dariya. Hannuna ne ya rufe wa Hajiya hanya. Don Allah ka yafe mini."