Ƙasar da ke Gindin Ƙwaryar Iya

A Gubaira, inda nake zaune wajen ɗana a Riyad, idan ƙanƙara ta sauko waya yara suke ɗauka su tsaya a bakin taga. A ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi ƙwarya muke ɗauka mu fita a guje. Wadda na fi tunawa ta zubo ne wata Laraba da la'asar, farkon damina, shekarar da aka sa ni makaranta, gero bai wuce tsawon yatsa ba. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi wuluk, iska ta kwashe zanar bayan gida, sai muka ji ana jifan rumbuna kamar da tsakuwa. Awaki suka cusa kai ƙarƙashin amalanke, maza suna salati saboda shuka, mu kuwa muna tsinta muna watsawa a baki har haƙora suka mutu.

Kakarmu Iya a lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta riƙe cewa ruwan ƙanƙara ne maganinta, domin a faɗarta shi kaɗai ne ruwan da bai taɓa sanin ƙasa ba. Saboda haka ta keɓe wata farar ƙwarya a ragaya, tana jiran irin wannan rana. Yayata Haule, wadda wanke-wanken gidan ke hannunta, ta sauko da ita ta goge da toka da soso, ta ɗauraye, ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga ta sama da kanta, ƙanƙara na dukan yatsunta har suka kumbura. Aka rufe da faifai. Da ta narke, Iya ta tsoma hannu za ta shafa, sai ta ji gari-gari a gindin ƙwaryar.

"Wa ya wanke ƙwaryar nan?"

"Ni ce, Iya. Wallahi na wanke."

"Ruwan sama ba ya zuwa da ƙasa, ƙazamar banza."

Ta watsar da shi a gindin zogale. Ƙanƙara ba ta sake sauka a garin ba har idon Iya ya rufe, sunan kuwa ya zauna. A bakin rijiya Haule Ƙazama ake kiranta, haka a dandali, kuma da ta yi aure dangin miji sukan kifa kwanoninta su duba ƙarƙashi. Ta zama macen da ke sake wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Aikin tafinta ya yawata da ni ƙasashe, kuma a gabashin Turkiyya na fara ganin dusar ƙanƙara. Mai gidan da na sauka, tsohon malamin kimiyya, ya fito da ni waje ya miƙa hannun baƙar rigarsa dusar ta sauka a kai, ya ba ni gilashin ƙara girma. Kowane ɗigo yana da rassa shida kamar aikin mai ɗinkin hula. Ya ce tururin ruwan da ke cikin gajimare yana bukatar abin kamawa kafin ya daskare: ƙwayar ƙura, ko gishirin teku, ko tokar hayaƙi, abin da ido ba ya gani. A jikinta yake fara daskarewa, wani tururin ya zo ya hau, rassa su fito. Sanyi da laimar da ɗigon ya ratsa su ne suke tsara masa siffa, shi ya sa da wuya a sami biyu iri ɗaya. Tamu ta ƙasashen zafi, in ji shi, iska ce ke ɗaga ta a cikin hadari tana yin ɓawo kan ɓawo kamar albasa, amma ita ma da irin wannan ƙwayar take farawa, ta kuma kwaso wasu a hanya.

Bara da ƙanƙara ta zubo a Riyad, jikata Hanan tana ihu "Jaddi, shuf!", wato Kaka duba, na ce ta wanke min kofin gilashi. Na tara a kan soro, na rufe. Da ta narke, ga gari-garin nan kwance a gindi, ja-ja, kalar ƙasar Najadu, yankin da Riyad take. Na kira Haule a waya na zayyana mata komai, tun daga rigar Baturken har kofin. Da na gama sai ta ce:

"Kai Issa, sai da ka kewaye duniya? Ni dai na san na wanke."

Na ce ta sanar da mutane. Ta yi dariya ta ce su wa, ai yanzu kowa Hajiya yake ce mata.

A da muna shan ƙanƙara ba mu san abin da ke cikinta ba. Yanzu jikokina sun karanta shi a makaranta, amma ba su taɓa sa ta a baki ba. Masu kiran Haule da wancan suna kuwa sun ƙare kafin gaskiyar ta iso.