Madugun da Muka Zaɓa Yana Maigatari

Mun tashi da asuba daga Gumel, mu uku a kan jakuna, raina a ɓace. Madugunmu na fataken kanwa ya rasu, aka taru a gindin tsamiya don zaɓen wani, ni kuwa na kawo sunan Malam Ɗanjuma. Nan take Tanko, attajirin da ya ƙwallafa rai ga maduguncin, ya ce ba a zaɓen wanda ba ya nan. Dattawa suka yanke cewa in shaidu biyu sun ji amincewarsa daga bakinsa kafin taron Juma'a, sunansa ya shiga. Na rantse ko a Damagaram yake sai na samo shi.

Hanyar Gagarawa rairayi ne zalla, jakina ya dinga durƙusawa kamar mai gaida sarki. Rijiyar garin kuwa, kafin guga ya fito ka manta kana jin ƙishirwa. Aka ce Ɗanjuma ya wuce garin Sule Tankarkar. A can muka sha fura da nono mai araha, sai dai mai furar ta ƙi kuɗin Bature, ta ce ita kuɗin wuri ta sani. Ita ta shaida mana ya yi arewa.

Ranar Alhamis muka shiga Maigatari, kasuwa ta cika da shanu da raƙuman Buzaye. Ba a nan muka same shi ba. A wata bukka muka tarar da shi bayan gari, yana jinyar wani ɗan ayarin Tanko da agana ta kama aka tafi aka bar shi.

Na ce, "Malam, na kawo sunanka a madugunci. Ka yarda?"

Ya ce, "In jama'a sun yarda da ni, na karɓa. Amma ba zan bar bawan Allahn nan ba, sai ya tashi ko na binne shi." Ya miƙo mini sandarsa.

Bayan sallar Juma'a muka isa gindin tsamiya, ko gida ban leƙa ba. Abokan tafiyata suka ba da shaida. Dattawa suka ce kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Tanko ya fashe da dariya ya ce, "To ku bayan wa za ku tsaya? Iska?"

Na soke sandar a ƙasa na tsaya bayanta, na ce, "Mai sandar nan yana gadin mutumin da ka yasar. Wanda yake so a yasar da shi a hanya, ga Tanko nan."

Wani tsoho daga ayarin Tanko ne ya fara tasowa, sauran suka biyo shi, har inuwar tsamiyar ta kasa mu.

Na koma gida ƙafafuna a kumbure, amma na koyi abu ɗaya: in mutum ba ya wurin taro, kafin a ture sunansa a tambayi abin da ya tsare shi.