Ciwon Da Na Rufe Da Lalle

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Waɗanda suka kira na ce "lafiya lau", ku yafe mini, ƙarya na yi.

Kun san na daɗe da ciwon suga. Abin da ba ku sani ba, tun bara tafin ƙafafuna suka mutu murus, ina takawa kamar a kan katifa. Da ruwa ya janye daga fadama, na sauka bakin kogi sayen kifi da silifas. Bayan kwana uku na ga jini a zanin gado. Ɗan rami ne a ƙarƙashin ƙafar hagu, ba zafi, ba ƙaiƙayi.

Ban gaya wa kowa ba.

Ina 'yar shekara bakwai, Turawa na nan, Babanmu masunci ya samu gyambo a ƙafa. Aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa asibiti a Kano. Ya dawo da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a cikin jaka. Bai sake shiga kwale-kwale ba. Tun daga nan, likita ya duba komai nawa, amma ban da ƙafa.

Tsohon likitana bai taɓa tambaya ba. Da aka yi masa canjin wuri, aka tura ni wurin wata sabuwar likitar suga. Ƙanwata Yagana ta jiyo labarinta: "Yaya, an ce wannan sai ta sa an cire takalmi."

Sai na kwaɓa lalle na ɗaura, sau biyu, har ƙafar ta yi baƙi ƙirin. Ni fa, tsohuwar malamar makaranta! Wallahi kunya nake ji.

Ranar zuwa, ban karya ba aka ɗebi jini, ni da Yagana muka zauna a benci har hantsi.

Likitar ba ta kai 'yata shekaru ba. Ta daɗe tana duba takardar gwaji.

"Mama, sugan nan ya jima a sama. Cire takalmi, ki hau gado."

Ta kalli lallen. Ta ɗauko wani ɗan siririn zare kamar na fatsa.

"Rufe ido. Duk inda kika ji na taɓa, ki ce kin ji."

Na rufe. Ban ji komai ba. Na ce, "Na ji." Na jira kaɗan. "Na ji. Nan ma na ji."

"Mama, buɗe idonki."

Tana tsaye can jikin tebur, tana sa safar hannu. Ko farawa ba ta yi ba.

Yagana ta fashe da kuka.

Likita ta juya ƙafar, ta ga ramin. "Launin fata ke nuna mini ko jini yana isa yatsu. Kin rufe mini shi."

Ta ɗora yatsu biyu a bayan ƙafata tana neman bugun jijiya. Ta matsa nan, ta matsa can.

"Likita, za ki yanke?"

"Ban sani ba tukuna. Ki yi shiru, ina nema."

Na karanta duk abin da ya zo bakina. Jakar Baba kawai nake gani.

"Ga shi," in ji ta. "Kaɗan-kaɗan ne, amma yana bugawa."

Daga cikin ramin ta zaro ƙayar kifin kurungu. Sati uku ina yawo a kanta ban sani ba.

Hoto ya nuna ciwon bai kai ƙashi ba. Kwana goma sha biyu na yi a gado: allurar suga, ƙarin ruwa, wankin ciwo kullum safe. Kuɗi sun tafi, ba na ma son tunawa. Ranar sallama ta ce, "Mama, da kin ƙara sati biyu, da wata maganar muke yi."

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa likitar nan da alheri, da Yagana da ba ta gaji da baƙin halina ba, da ku masu addu'a.

Mai suga, don Allah ka riƙa duba ƙarƙashin ƙafarka kullum, ko da madubi ne. Rashin jin zafi ba lafiya ba ce. Kada ka taka fadama da silifas. Mata 'yan uwana, in za ku ga likita, ku bar lallen sai kun dawo.

Jiya na taka har bakin kogi, daidai inda Baba yake zama yana kallon kwale-kwalen wasu. Na yi masa addu'a, na dawo gida da takalmana duka biyu a ƙafa.